Takarda Ta Fito Daga Hannun Soja: Wasiƙun Yaƙin Bama da Mutanen Bakin Iyaka



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau shi ne wasiƙun da sojojinmu suka riƙa aikowa gida a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ko kuwa yaƙin Bama. Bamar da ake nufi ba ta Barno ba ce, ita ce ƙasar Burma da ke gabas da Indiya, wadda masu mulkinta suka sake wa suna Myanmar a 1989. Mun zaɓi mu tsaya a Daddara mu dubi al'amarin daga can, watau daga garin talakawa manoma a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, inda in mutum ya ci gaba kaɗan zai tarar da Magama, ya ƙetare iyaka ya faɗa Ɗan Isa, ya doshi Maraɗi. Dalilinmu shi ne, an daɗe ana rubuta tarihin wannan yaƙi daga bakin janar-janar na Ingila, amma ba a cika rubuta shi daga zauren da aka warware takarda aka karanta wa dattijo labarin ɗansa ba.

Da farko ya kamata mu tuna irin wurin da muke magana a kansa. Katsinawan Katsina da Katsinawan Maraɗi tsatsonsu ɗaya. Jihadi ne ya raba gidan sarautarsu, sa'an nan Turawa suka zo suka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, suka ce nan ƙasa kaza ce, can ƙasa kaza. Gulbin da ya ratsa Jibiya ya shiga Maraɗi bai taɓa neman izni wurin kowa ba, haka ma aure da kasuwa da zumunci. To, a watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamna-Janar Boisson da ke Dakar ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, Nijar kuwa tana ƙarƙashinsa, alhali Cadi ta Gwamna Eboue ta bi Janar Digol tun watan Agusta na wannan shekara. Saboda haka tun daga tsakiyar 1940 har Nuwamba 1942, iyakar Jibiya ta zama iyakar gwamnatoci biyu masu hararar juna. Ɗan wa yana iya kasancewa cikin kakin Ingila, ɗan ƙane cikin kakin Faransa, kuma babu ɗayansu da aka tambayi ra'ayinsa game da rigimar.

Yadda aka ɗebi mutane ba ɓoyayye ba ne. Akwai waɗanda suka shiga don kansu, saboda sule guda a yini da ake ba farabiti kuɗi ne a wurin wanda haraji ke jiransa, ko saboda ƙuruciya da son ganin duniya, ko gudun wata fitina ta gida. Akwai kuma waɗanda aka turo. Razdan ya gaya wa Sarki yawan mutanen da ake bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci kuwa ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ta wannan hanya dai aka kwashi dubban mutane aikin tilas a haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Waɗanda suka fara fita sun tafi Kenya a 1940, suka ci Mogadishu a Fabrairu 1941, suka kori sojan Italiya tafiyar mil dubu har Harar ta ƙasar Habasha cikin kamar wata guda. Bayan haka sai aka kafa manyan rundunoni biyu a 1943, ta 81 da ta 82, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan. Wasu bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su bayan layin Japanawa a 1944. Mutanen Afirka ta Yamma da suka je wannan fage sun kai wajen 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Ku da kuke aiki a Kaduna kuna wucewa ta barikin Dalet da na Kalapanzin, na Zariya sun san barikin Chindit, kowa kuma ya san barikin Dodan a Ikko, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 har aka koma Abuja a 1991. Duk waɗannan sunaye daga yaƙin Bama aka samo su. Garuruwan da aka yi yaƙin sun sami alluna a ƙofar bariki, mutanen da suka yi yaƙin kuwa sunayensu suna cikin adakar tsofaffi, in ma gara ta bar su.

Yanzu bari mu bi takarda guda tun daga inda aka haife ta. Yawancin sojojin nan ba su yi boko ba. Wanda ya yi makarantar allo har ya iya ajami yakan rubuta da hannunsa, ya kuma rubuta wa abokansa. Wanda bai iya ba sai ya nemi limamin bataliya, ko akawun kamfani, wanda sau da yawa ɗan Kudu ne mai Hausar bariki, ya zauna gabansa ya faɗa masa abin da zai sa. Kun ga tun nan sirri ya ragu, domin abin da mutum zai faɗa a gaban abokin kwanansa daban yake da abin da ke cin ransa. Daga nan takarda ta bi ta hannun hafsa mai tacewa. An hana faɗin sunan wurin da ake, an hana faɗin yawan waɗanda aka kashe, an hana duk abin da za a ce zai karya zuciyar mutanen gida. Sa'an nan ta shiga buhun wasiƙun soja, ta yi makonni ko watanni a hanya, ta iso gidan waya na Katsina. Ƙauye ba shi da lambar gida, don haka adireshin yakan bi ta hannun hakimi, daga shi sai dagaci ko mai unguwa. A ƙarshe sai a nemo mai karatu, malamin zaure in ajami ce, malamin hakimi ko wani ɗan elementare in boko ce, ya karanta da ƙarfi jama'a na saurare.

Ku ƙidaya hannuwan da ta ratsa: mai faɗa, mai rubutu, mai tacewa, mai sarauta, mai karantawa. Duk wanda zai yi nazarin irin waɗannan takardu ba tare da ya riƙe wannan a ransa ba, zai karanta su ya ce sojojinmu ba su da wata damuwa sai gaisuwa.

Gaisuwar ce kuwa takan ci rabin takardar. Tsarin sananne ne, shi ne wanda iyayenmu suka gada daga wasiƙun sarakuna da malamai: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, amma bayan haka, har a rufe da haza wasalam. Sai a jero sunaye, a gai da baffa, a gai da kawu, a gai da liman, a gai da maƙwabci, a gai da abokin wasa. Mai karatun zamani yakan ƙosa ya tsallake wannan wuri don ya kai ga labarin yaƙi. A ganinmu nan ne ma ya kamata ya dakata. Jerin sunayen nan shi ne taswirar gidan kamar yadda sojan ya bar shi, da wanda ke gaba da wanda ke biye. Kuma kowane suna tambaya ce a ɓoye, wato ko wane yana da rai? In amsa ta zo aka tsallake wani suna, soja ya san abin da ya faru tun kafin a fito a gaya masa.

Akwai kuma sunan da ba za ku gani ba. Bahaushe na wancan zamani ba ya rubuta wa matarsa kai tsaye, ba ya kiran sunanta a takardar da za a karanta gaban mahaifinsa, ɗan fari ma ba a ambatonsa. Wa ko uba ake aika wa, a can ƙasa a ce a gai da mutanen gida, a gai da yara. Kalmomi huɗu ko biyar ke nan suna ɗauke da abin da Bature zai cika shafi uku da shi. Wanda bai san kunya da kara ba sai ya zaci babu ƙauna a wurin. Ita kuwa matar tana bayan danga tana saurare, ta kuma san wace jimla ce tata.

Game da zaman bariki da na daji, abin da mai tacewa ke bari ya wuce shi ne abinci da ruwan sama da lafiyar jiki. Mutumin da ya tashi da tuwon gero da fura ya sami kansa yana cin shinkafa safe da yamma, da naman gwangwani, ga kewar goro. Mutumin da daminarsa wata huɗu ce, yana roƙon Allah ruwa, ya je ƙasar da ake kwana ana yini ana zuba har tufa ta ruɓe a jiki, ga matsattsaku, ga sauro, ga ƙwayar maganin zazzaɓi da ake tilasta musu sha kullum. Runduna ta 81 ta shiga Kaladan inda babu hanyar mota, abincinta da harsashinta daga jirgin sama ake jeho su da laima. Abin da ya sauko kuwa a kan mutum yake tafiya, domin an kafa ƙungiyoyi musamman na 'yan ɗaukar kaya, dubbai, suna hawa duwatsu da akwatunan harsashi a ka. Turawa sun yi ta yabon wannan dabara a littattafansu, suna cewa ta fi alfadari. Mu dai muna ganin yabon da aka gwada mutum da alfadari a cikinsa yana bukatar a sake dubansa.

Amma jigon yawancin wasiƙun kuɗi ne da aure, kuma su biyun a ɗaure suke. Akan yanki wani abu daga albashin soja a biya iyalinsa a gida ta hannun Di'o da En'e. To, wa aka rubuta zai karɓa, uba ko wa ko mata? Ya isa hannunsa cikakke, ko ya ragu a hanya? An sayi hatsi, an yi wa yara tufafin salla, an fanshi gonar da aka jinginar? Soja yana can yana lissafin abin da ya aiko, gida ana nan ana lissafin abin da aka gani, lissafin biyu kuwa ba kullum suke haɗuwa ba. In ci da sha suka yanke, shari'a ta ba mace damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba auren. In labarin miji ya ɓace ɗungum, Risala ta yanka wa matarsa shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Waɗanda suka tashi a 1943 da yawansu ba su ga gida ba sai 1946. Saboda haka takardar nan ta wuce gaisuwa, shaida ce cewa mutum yana da rai, igiyarsa tana nan. Ƙorafin soja a kan matan da aka aurar a bayansu da kuɗin da ba su isa ba ya yi yawa har hukuma ta ɗauke shi a matsayin abin da ke iya lalata ɗa'ar runduna. A bakin iyaka irin Daddara abin ya fi tsanani, domin matar da ta gaji ta koma gidan iyayenta a Madarunfa ta fita daga hannun alƙalin Katsina da Di'onsa baki ɗaya.

Abin da takardun suka yi shiru a kansa shi ma sai an karanta shi. Ba za a ga bulala ba, ko da yake ba a soke ta a dokar sojan Afirka ba sai 1946. Ba za a ga cewa farabitin Ingila da ke rami ɗaya da shi ya ninka shi albashi ba. Ba za a ga tsoro ba. Mutuwa kuwa ba soja ke rubuto ta ba, takardar hukuma ce ke zuwa hannun Di'o, ta gangaro har dagaci ya aiko a kira maigida. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu. Sau da yawa sunan soja a rajista sunansa ne da na garinsu ko ƙabilarsa, wane Katsina, wane Sakkwato, wane Zabarma, kamar yadda akawu ya ji ya rubuta. Wannan ya sa gano gidan da mutum ya fito daga rajistar kaɗai yake da wuya, sai an haɗa da abin da ke hannun dangi.

Wani zai ce, ai akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo. Haka ne. Jaridar ta fara fita a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta East yana bisa aikin, kuma yaƙin ne ya ba ta ƙafa, domin kowa na son jin inda aka kwana. Takan kai ga sojoji a fagen fama, su kuma sukan rubuto mata. Waɗannan wasiƙu suna da daraja, muna kuma roƙon masu neman abin rubuta kundin digiri su je su zauna da tsofaffin kofen jaridar. Sai dai a tuna jaridar gwamnati ce a lokacin yaƙi, takardar da ta shiga cikinta ta bi ta rariya biyu, ta hafsa da ta edita. Haka nan ziyarar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai wa sojoji a Indiya da Bama bayan ya hau gadon sarauta a 1944, hukuma ce ta shirya ta don ƙarfafa zukata, ko da yake babu shakka Bakatsinen da ya ga Sarkinsa a wannan nisan duniya ya ji kamar an kawo masa gida. Bayan an dawo Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, wadda ta zarce maraba ta shiga zancen 'yanci. Muryar masu ilmi ke nan a kan soja. Muryar sojan kansa tana cikin 'yar takardar da aka naɗe aka sa a cikin littafin addu'a ko ƙarƙashin kwalla.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka nasu ya fi ɗaci. Waɗanda Faransa ta ɗiba ta kai Turai a 1939 da 1940, da yawa Jamus ta kama su ta tsare shekara huɗu. Da aka sako su aka dawo da wasu sansanin Thiaroye kusa da Dakar, suka nemi a biya su bashin albashinsu, sai aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Hukumar soja ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, Shugaba Macron ya rubuta wa Shugaban Senegal takarda ya amsa cewa kisan gilla ne. A Ankara ma, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe tsofaffin soja uku da suka fito kai kukansu ga Gwamna.

Akwai wata wasiƙa da ta bi hanyar a juye, wadda muke so ku sani. Isaac Fadoyebo, yaro ne daga ƙasar Owo da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin jinya a runduna ta 81. A Maris 1944 Japanawa suka auka musu a bakin Kaladan, aka ragargaza masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani talaka Musulmi na ƙauyen, mai suna Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo wajen wata tara, yana ciyar da su, alhali ya san in an gane kashe shi za a yi. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya ɗauki takardar godiya daga hannun Fadoyebo a Ikko, ya je ya nemo 'ya'yan Shuyiman ya ba su. Fadoyebo ya rasu a 2012. An san labarinsa ne don ya iya rubutu, ya kuma rubuta shi da kansa. Na Daddara da Jibiya da Batsari da Ƙaita da suka taka wannan daji tare da shi, sai dai a tambayi jikokinsu.

A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an sake rubuta irin waɗannan takardu, wannan karo boko ya fi yawa, ga kuma gaisuwa ta gidan rediyon Kaduna. Daga baya kaset ya shigo. Sojan da ke Barno a yau waya yake bugowa, ya yi magana da matarsa ba tare da liman ko akawu ko dagaci a tsakani ba, wannan kuwa ci gaba ne, amma in wayar ta lalace babu abin da zai rage wa jikansa.

Abin da ya sa muka ce maganar ta gaggawa ce shi ne halin da ƙasar Jibiya ta shiga a 'yan shekarun nan. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, an ƙone gidaje da rumbuna, mutane sun watsu, wasu cikin Katsina, wasu Maraɗi. Wanda ya gudu da dare da goyo a baya ba ya tsayawa ɗaukar adaka. 'Yan mazan jiya na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji karatun takardun da kunnensu sun haura tamanin.

Don haka roƙonmu ga wannan ƙungiya ƙarami ne. Hutu na zuwa. Kowa ya tambaya a gidansu da unguwarsu ko akwai wanda ya je Bama ko Habasha ko yaƙin basasa. A fara da tsofaffin mata, domin su ne masu ajiya. A nemi takarda, da littafin sallama daga soja, da lambar yabo, da hoto. Kada a raba mutane da kayansu, a ɗauki hoton gaba da baya, har da ambulan da hatiminsa, a mayar musu. A rubuta lambar sojan in akwai, domin da ita ake bin sawunsa a rajista. In ajami ce a kai wa malamin garin ya karanta, a naɗi muryarsa, don shi ya san sunayen mutane da na gonaki. A nemi iznin iyalin kafin a buga kome, musamman inda aka taɓo maganar aure. Ku kuma ma'aikata da ke ƙananan hukumomi da masarautu, ku leƙa ɗakunan da aka jibge tsofaffin fayiloli kafin a ce an share ofis. Abin da aka tara sai a yi masa kofe biyu, ɗaya a kai Gidan Arewa a Kaduna, ɗaya a bar shi a laburaren jami'a, a rubuta sunan garin da aka samo shi da ranar da aka ɗauka.